Bonge Ta Taka Waya

Zanen ya zagaye ƙugun Mwajabu ya dawo, har ya yi saura. Tana tsaye bakin kasko tana juya capati, gurasarmu ta fulawa, ta kama ragowar ta soke a gefe, ko dubawa ba ta yi ba. Yayarta Chausiku ce ta duba, tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, hannu dumu-dumu da ƙullu. Ta san zanen sarai. Tare suka saye shi, falle biyu, suka raba kowa ɗaya. Nata fallen yana jikinta a wannan safiya, bakinsa biyu sun ƙi gaisawa, sai da ta sa fil ta haɗa su dole.

"Bonge, capatin nan zai ƙone."

"Ko ja bai yi ba, Dada," in ji ƙanwar, don haka muke kiran yaya mace.

"Na ce miki zai ƙone."

Mwajabu ta ɗaga shi ta nuna mata, fari sol, ta mayar tana murmushi. Murmushin nan ma ya canza. Da can kumatu ne ke tasowa su rufe idanu. Yanzu ga ido ga haƙori, har da wata 'yar lotsawa a kumatun hagu da ba wanda ya san tana da ita shekara arba'in da ɗoriya.

Mu nan Ngamiani, cikin Tanga, in ka ce Mwajabu sai a tsaya tambayar wace ce, amma ka ce Bonge, kowa zai nuna maka rumfar shayinsu. Tun tana zanin goyo aka laƙa mata sunan, don dunƙulalliya aka haife ta, dunƙulalliya ta tashi. Chausiku kuwa ita ce kyakkyawar gidan. Doguwa, siririya, mai wuya. In ta tashi rawa a gidan biki, masu kiɗan kansu sai sun rikice. To, haihuwa biyar da madarar kwakwa da man suya ba su bar ta haka ba. Ta buɗe, ta ƙara buɗewa, har ta daina tsayawa gaban madubi. Amma tana da abin da take rarrashin zuciyarta da shi: duk ƙibarta ba ta kai Bonge ba. In za a ɗauki hoto kusa da ƙanwar take tsayawa, kuma ba don tsabar ƙauna ba.

Bara bayan ƙaramar salla Mwajabu ta yanke jiki ta faɗi, taku ɗaya tsakaninta da tafasasshen mai. A asibiti malamar jinya ta ce hawan jini ne, suga ma ya fara leƙowa. Ta dubi Chausiku da ta yi rakiya ta ce, "Ke ma miƙo hannun." Aka ɗaura, aka matsa, magana ɗaya ce. Babu wadda ta nemi dogon bayani a cikinsu. Wannan ciwon ne ya shanye ɓarin jikin mahaifiyarsu, su biyun nan suka yi ta juya ta a kan katifa har Allah ya karɓi abarsa.

"Ƙwayar hawan jini zan ba ku, amma ba ni da ƙwayar rage teɓa," in ji malamar. "Ku rage ugali, tuwon masarar nan, ku rage mai, ku cika kwano da ganye, ku yi tafiya kullum. Kuma kada ku yi gaggawa, ba rana ɗaya kuka tara shi ba."

Mwajabu ta karɓi maganar hannu bibbiyu. Tana idar da sallar asuba sai ta zura tsofaffin takalman mijinta marigayi, ta kama hanyar Raskazone har bakin teku ta dawo. Ugalinta ya koma kamar dunƙulen hannu, alayyahu kuwa tuli, kifi gasasshe maimakon soyayye. Wuni take tana soya wa mutane capati da wainar shinkafa, ko gutsure ba ta kaiwa baki. Wannan fa sai wanda ya taɓa tsayawa kan kasko da yunwa zai san abin da ake nufi.

Chausiku ta bi ta safiya biyu ko uku. Gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, 'yan babur na bakin titi kuma suka ƙara da nasu: "Mama, motar ta lalace ne? Zo a ja ki." Ta dawo gida ta rantse ba za ta sake zama abin dariyar sa'o'in 'ya'yanta ba. Sai ta koma wa masu tallar magani a cikin daladala, motar hayarmu ta cikin gari. Ta sayi wani shayi da aka ce sati biyu yake narkar da kitse, bai narkar da komai ba, sai dai ya koya mata gudun zuwa banɗaki. Ta sayi ƙwaya mai hoton baturiya a kwali. Ta sayi ɗamara mai sa zufa. Duk a ɓoye take sha, a ɓoye take ɗaurawa, ta tura kwalayen ƙasan akwati.

Watannin farko ba abin da ya nuna a jikin Mwajabu, Chausiku kuwa ta sami abin tsokana. "Sannu da dawowa, 'yar tsere. Kin kai kaya teku kin dawo da su cif, ko tsinke bai faɗi ba." Mwajabu ta yi dariya ta cire takalmi. Da ramar ta tashi zuwa kuma ba ta yi sallama ba. Zobe ya fara juyawa a yatsa. Wata rana aka wayi gari tana da wuya. Ta daina nishi in za ta tashi daga tabarma, ta daina dafa bango in za ta hau dakali. Tsokanar Chausiku ta ƙafe, wani abu mai ɗaci ya maye gurbinta. Ƙyashi ne, kuma ita ma ta san ƙyashi ne.

Ranar awo ita ce ranar da ta fi tsana a wata. Tare suke zuwa, tare suke bin layi. Mwajabu ta hau ma'auni, malamar ta tafa hannu, ta rage mata ƙwaya, har ta juya ta gaban sauran mata tana cewa ku gani da idonku. Chausiku ta hau, malamar ta duba allurar ta sake dubawa.

"Ke kuma me kike ci?"

"Wallahi ba komai, Malama. Ni jikina ne haka, ko ruwa na sha sai ya zama kitse."

"Ruwan kwakwa da shinkafa a ciki ko? Ki bi ƙanwarki ta koya miki."

A hanyar dawowa yaron daladala, wanda da can yake cewa Bonge kujera biyu take ci, ya nuna wa Mwajabu wani ɗan lungu ya ce a nan ma za ta shiga. Ya dubi Chausiku ya ce, "Mama, ke sai dai gaba." Mwajabu ta ga fuskar yayarta ta ɓaci, da suka sauka ta kama hannunta.

"Dada, gobe in biyo miki? Ba sai mun kai teku ba. Mu je masallacin kwana mu juyo, a hankali."

"Ni na koya miki ɗaura zane, yau ke za ki koya min tafiya?" Ta fizge hannunta ta yi gaba.

Mijin Chausiku, Kibwana, shi ne wanda ya ƙara hura wutar, shi kuwa bai ma san akwai wuta ba. Ya biyo shan shayi wata safiya kafin ya wuce aiki tashar jirgin ruwa, ya tsaya bakin rumfa ya dafa ƙugu.

"Maman Rashidi, yaushe kika ɗauki 'yar aiki ba ki faɗa min ba? Ina ƙanwar taki, Shemejina, wadda in ta shigo rumfa sai mu mu fita?"

"Allah ya shirye ka, Shemeji," Mwajabu ta ce tana dariya, da sunan da ƙanwar mata da mijin yaya ke kiran juna. "Zauna ka sha shayinka kafin in zuba maka gishiri."

"Wallahi da gaske nake, kin koma budurwa. Ki riƙa jan yayarki mana da asuban nan, ko gadonmu ya huta."

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Chausiku ma ta yi, don in ba ta yi ba za a gane. Ta miƙa masa kofinsa har ya fallatsa masa a hannu, ta ce tsautsayi ne. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba, da yamma kuma ta rama har da na gobe.

Sai bikin 'yar maƙwabta ya taso. Kayan Mwajabu duk sun zama buhu a jikinta, ta zo ɗakin yayarta tana sosa ƙeya.

"Dada, koriyar rigar nan taki mai duwatsu a wuya, tana nan?"

Tana nan mana. Ita Chausiku ta sa ranar sunan ɗanta na fari, ta ninke ta da kafur shekara da shekaru, tana jiran ranar da za ta rame ta sake sawa. Ta ciro ta ba musu, har da fara'a, don ta tabbata a kafaɗa za ta maƙale, a yi dariya, duniya ta koma daidai. Mwajabu ta zura kai, ta zura hannuwa, rigar ta sulale har ƙasa ta zauna ɗas, sai ka ce da ita aka je wurin tela.

"Ta yi, Dada?"

"Ta ɗan kama ki ta baya."

Ba inda ta kama.

A gidan bikin Mwajabu ta shiga fili, matar da ko a nata bikin ba ta yi rawa ba. Mata suka yi ta guɗa, ana liƙi, ana tambayar juna wai Bonge ce kuwa? Chausiku tana can baya wajen tukwanen pilau, dafa-dukan biki, cikin manyan mata masu ciwon ƙafa, tana kallon rigarta na rawa ba ita a ciki. Kusa da ita Bi Tatu ce, mai sayar da gawayi a ƙarshen layi, wadda in ta ji magana da hantsi kafin azahar ta kai ta kasuwa.

"Maman Rashidi, faɗa min tsakani da Allah," Bi Tatu ta matso. "Wane magani ƙanwarki take sha? Ni ma in nema."

"Magani? Ita dai ta ce ganye ne da tafiya."

"Haba! Ganye? Akuya ma ganye take ci, ga ta nan da tumbinta."

Da Chausiku ta yi dariya a nan, da shi ke nan. Amma daidai lokacin aka sake rangaɗa guɗa a fili, ta kuma hango Kibwana daga bakin ƙofa cikin maza yana tafi. Ta gyara zama, ta rage murya.

"Ni dai abin da nake faɗa mata, tafiyar duhun asuba ba a ganin ƙasa. Mutum sai ya taka abin da bai sani ba."

Bi Tatu ta zaro ido, ta dafe ƙirji. "Waya?"

"Ni ban ce ba."

"Innalillahi! Shi ya sa. Mijin nata ma ai direban babbar mota ne."

"Haɗari ne ya kashe shi, Bi Tatu."

"Ai haka ake cewa."

A unguwarmu ba a kiran ƙanjamau da sunansa. Mun binne mutane da yawa a shekarun baya, har bakinmu ya ji tsoron kalmar. Sai dai a ce wane ya taka waya, kamar wanda ya bi ta kan wayar lantarki da ta faɗo, kowa ya gane ya yi shiru. Kuma tun wancan zamani, in babba ya rame a cikinmu ba a tambayar me ya daina ci, me ya kama shi ake tambaya. Chausiku ta san duk wannan, ta kuma san wa ta faɗa wa.

Kafin sati ya zagayo, kallon da ake yi wa Mwajabu ya sauya. Masu cewa kin yi kyau suka koma cewa sannu, ya jiki. Ita kuwa baiwar Allah sai ta amsa, "Jiki alhamdulillahi, kamar an sauke min buhu," su kuma su girgiza kai in ta juya baya. A rumfa mutum zai tsaya yana jan ƙafa har sai hannun Chausiku ya sami sarari, sannan ya miƙa kwanonsa. Wata ta fara zuwa da kofinta daga gida. Kibwana ya daina tsokana. Wata rana ya tambayi matarsa ko Shemeji lafiya take, ta ce ya je ya tambaye ta mana, ai shi ne mai yabonta.

Ba zan ɓoye muku ba, Chausiku ta ji daɗi. Ba ta so wa ƙanwarta ciwo ba, Allah shaida, amma tausayin da ta gani a idon mutane ya fi mata sauƙin haɗiya bisa sha'awar da take gani a da. Barci ya dawo mata. Har ta riƙa yi wa Mwajabu kirkin da ba ta saba ba, ta karɓe mata suya, ta ce zauna ki huta, mutane na gani suna cewa Allah ya bar zumunci.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne Subira. 'Yar Mwajabu ce tilo, malamar makarantar ƙananan yara, kuma an riga an yi mata baiko da wani ɗan unguwar Chumbageni mai gyaran injin kwalekwale, saura a kawo sadaki a sa rana. Aka share tsakar gida, aka turara ɗaki, aka kira Chausiku tarbar baƙi. Sai gwaggon yaron ta zo ita kaɗai, hannu rabbana. Ta zauna a bakin tabarma kamar mai jiran mota. Subira ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa ba ta dube ta ba, idonta na kan ƙasusuwan wuyan Mwajabu. Aka kawo shayi da waina, ta ce tana azumi.

"Ranar Laraba, Shangazi?" Mwajabu ta ce, tana kiranta gwaggo da yarenmu.

"Ramuwa ce." Ta gyara mayafi. "An aiko ni ne in ce a ɗan dakata. Ba fasawa aka yi ba. Muna so mu ga yadda jiki zai yi tukuna."

"Jikin wa?"

Matar ta tashi ta nemi takalmanta.

Subira ce ta fasa ƙwan, baƙuwar na fita, tana kuka tana haɗa magana da shessheƙa. "Mama, duk garin nan ke kaɗai ce ba ki ji ba. Cewa ake kin taka waya. Har a makaranta wata uwa ta tare ni tana tambaya ko ni ma an gwada ni."

Mwajabu ta yi dariya da farko, dariya sosai. "Ni? Wayar me? Ni da tun rasuwar babanki ko gaisuwar namiji ba na bari ta yi tsawo?" Ta duba fuskar 'yarta, ta duba ta yayarta, dariyar ta tsaya. "Dada, ke ma kin ji?"

"Na ɗan ji ƙishin-ƙishin," Chausiku ta ce, tana kallon tabarma. "Ban so in tayar miki da hankali ba."

"Allah sarki, Dada."

Washegari uwa da 'ya suka je aka gwada su, sakamako ya fito lafiya lau, aka aika Chumbageni da shi. Amsar da ta dawo gajeriya ce: takarda kowa na iya samowa, su ido suke da shi. Mwajabu ta zauna a dakali tana jujjuya maganar. "Abin haushin ma, masu ciwon na gaskiya ga su nan suna shan maganinsu, sun yi ɓul-ɓul, sun fi ni kumatu, ana cin abinci da su, ana aurensu. Ni da na rage ugali ni ce abin gudu." Subira ta daina fita in ba makaranta ba, ta daina taɓa abinci sai an matsa. Yaron yana ta turo saƙo cewa shi bai yarda ba, amma ba shi da bakin ja da gwaggonsa, don ita ta raine shi.

Barcin Chausiku ya sake gudu, wannan karon ba ƙyashi ne ya kore shi ba. Ita ta yi wa Subira wankan farko ranar da aka haife ta, a bayanta yarinyar ta yi wayo. Ta ɗauki mayafi ta nufi ƙarshen layi, ta tarar da Bi Tatu tana auna gawayi a gwangwani.

"Bi Tatu, maganar nan ta ƙanwata ƙarya ce. Lafiyarta ƙalau. An gwada."

"Allah ya yi miki albarka, Maman Rashidi. Haka ake son babbar yaya, ta rufa asirin gida."

"Ba rufa asiri nake ba! Ni na jawo maganar. Ranar bikin nan, haushi ne ya sa na faɗi abin da na faɗa."

Bi Tatu ta ajiye gwangwanin, ta dube ta da mamaki na gaskiya. "Ke? Me kika faɗa? Ke da kika ce ba ki ce ba? Har kare mijin nata kika yi, ni shaida ce. Kada ki ɗora wa kanki, baiwar Allah, abu ne da kowa ke gani da idonsa." Ta kama hannunta ta jijjiga, ta bar mata baƙin gawayi a tafi. "Ki dai riƙa ba ta abinci mai kyau."

Gida-gida ta bi da wannan magana, har Chumbageni, inda aka tsayar da ita a ƙofa aka ce gwaggo ba ta nan, ga takalmanta a bakin ɗaki. Duk inda ta rantse sai a ƙara tausaya mata, a raka ta har waje. Ta dawo tana haki, gwiwoyi na zogi, ta lura yau ta yi tafiyar da ta fi ta Raskazone, ba ta kuma tsinana komai ba. Ta yi niyyar faɗa wa Mwajabu. Ta tsara maganar a hanya, ta sake tsara ta a kan sallaya. Amma faɗar ba za ta kawo sadaki ba, abin da kawai za ta yi shi ne ta raba ta da wadda ke ce mata Dada da zuciya ɗaya. Haka ta gaya wa kanta, ta kuma san rabin dalilin tsoro ne.

Da safe ta iso rumfa ta tarar Mwajabu ta riga ta, har ta hura wuta, ƙafarta cikin silifa, ba zufa a goshi.

"Yau ba ki je ba?"

"Na daina."

Mwajabu ta ɗauki bencin masu shayi, ta fito da shi daga inuwar rumfa, ta ajiye a bakin titi sosai, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya gifta. Ta zauna a tsakiyarsa ta fuskanci hanya.

"Dada, zuba min. Capati uku, ki shafa musu mai sosai. Da waina. Shayin kuma na madara."

"Kin haukace? Hawan jinin fa? Kin manta yadda Mama ta ƙare?"

"Da hannuna na riƙa wanke ta, ina zan manta." Ba ta ɗaga murya ba. "Na yi rantsuwa ba su yarda ba, na kai takarda ba su yarda ba. Sun ce ido suke da shi. To, zan ba idon abin da zai gani. Kafin azumi nake so kumatuna su dawo, a kawo sadakin yarinyar nan a ɗaura. In an gama biki sai in sake farawa."

"Duk wahalar nan da kika sha, Bonge? Kusan shekara fa."

"Na sani. Ni na sha ta ai." Ta ɗan yi murmushi. "Ke dai ki taimake ni. Cikina ya tsuke, loma kaɗan sai in ji na ƙoshi. Ke za ki tsaya min a kai, ko na ce ya isa kada ki saurare ni. Duk unguwar nan ke kaɗai ce ba ki guje ni ba, har Chumbageni an ce kin je saboda ni, da wannan gwiwar taki. Wanda ya yi min wannan kuwa na bar shi da Allah, ko sunansa ba na son sani."

Chausiku ta buɗe baki. Sai kuma ta fasa. Ta juya ga kasko, ta ɗebo mai a ludayi ta zuba, capatin ya yi cuuu ya kumbura. Ta jera uku a faranti, ta ɗora waina, ta kawo da hannu biyu. Ta tsiyaya shayi, ta sa suga rabin cokali, ta daɗe tana juyawa.

Mutane sun fara wucewa. Mwajabu ta yagi capati, ta ɗaga shi kaɗan yadda za a gani, mai na bin yatsunta, ta kai baki. Ta tauna a hankali kamar mai shan magani, ta haɗiye da ƙyar, idonta ya kawo ruwa. Wata mai kwando ta rage tafiya tana kallo, Mwajabu ta yi mata murmushi ta ce bismillah. Sannan ta kurɓi shayin, ta miƙo kofin baya ba ta ko waiwayo ba.

"Bai ji ba, Dada. Ƙara."

Chausiku ta ƙara.